Inji ya ƙi tashi bayan kwana kan anga: a dakata da sayen batir na uku

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta bayaninka har ƙarshe, bari in maimaita yadda na fahimce shi. Kana kula da jirgin ruwa mai filafilai na maigidanka a Legas, injinsa na dizal ne mai silinda uku, in jirgin na gefen jeti an jona shi da wuta bugu ɗaya inji ke tashi, amma in kun fita kun kwana a Tarkwa Bay kan anga, da safe ka danna maɓalli sai kaji ƙas ɗaya shikenan, wani lokacin kuma ya juya da ƙyar ya tsaya. Kun canza batir sau biyu, ka sa mita ta nuna maka bolt 12.5, yanzu kuma maigida yace a je a sayo wanda ya fi girma.

Don Allah ka lallaɓa shi ya dakata tukuna. Sababbin batura biyu a jere su zo da ciwo iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya, bayan kwana a waje iri ɗaya, wannan abu ne mai wuya, akwai abin da ke cinye su ko ke tare musu hanya a cikin jirgin, kuma in kuka sa na uku shima haka zai bi sahunsu.

Mu fara da 12.5 ɗin nan da ta kwantar maka da hankali. Yaushe ka auna? In a jeti ne bayan ka cire caja, lambar bata gaya maka komai ba, domin batirin da ya fito daga caji yana riƙe wata wuta ta sama-sama wadda ke ɓacewa bayan 'yan awanni. Sai ya huta, ba caji ba abin da ke jan wuta, ko da awa shida ne, sannan awon ke da ma'ana. Batir mai ruwa lafiyayye cikakke zai baka 12.6 zuwa 12.7, in kaga 12.4 ya sauka kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi kenan, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. In kaga wajen 10.5 kuma ko an yi caji sai ya dawo nan, to ɗaki ɗaya cikin ɗakuna shidan ya mutu, tunda kowane ɗaki 2.1 yake bayarwa. Amma ko cikakkiyar 12.7 ka gani har yanzu baka san ƙarfinsa ba. Ka ɗauki tiyon ruwa da mota ta taka a tsakiya, in famfon bakinsa a rufe yake ka taɓa zakaji shi a cike tam, sai ka buɗe ne zakaga ruwan na ɗiga. Mita ba ta jan wutar kirki, kik kuwa, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, na ƙaramin injin dizal irin naku yana iya jan amfiya 150 zuwa 300 a lokacin bugu. Saboda haka awon ƙarfin batir da na wayoyin kik da zan gaya maka a ƙasa, ana yin sa ne lokacin da wani ke danne da maɓalli.

Kafin nan akwai abin da ba na so ka tsallake, don shine bambanci mafi girma tsakanin jirgi da mota. Injin jirgi yana zuƙo ruwan teku ya sanyaya kansa sannan ya watsa ruwan cikin bututun salansa, hayaƙi ne ke tura shi waje. In kana ta bugun kik inji bai kama ba, famfon da ke zuƙo ruwan na ci gaba da zuba ruwa amma babu hayaƙin da zai kore shi, sai tukunyar salansa ta cika, ruwan ya koma baya ya shiga silinda. Ruwa kuma ba ya matsuwa, fistin zai daki ruwa ya tsaya cak, kai kuma kaji ƙas ka ɗauka batir ne, ka kawo wani mai ƙarfi ka ƙara bugawa har ka lanƙwasa rodin fistin. Wallahi wannan ya fi ban tausayi a duk aikin nan, gyaran da bai kai komai ba ya koma sauke inji. Don haka ka kashe komai, ka sa sifana a notin fulin gaba ka juya injin da hannu zagaye biyu. In yana juyawa, da ɗan tauri a wurin matsi sannan ya wuce, alhamdulillahi. In ya cije a waje ɗaya ya ƙi wucewa, kar ka ƙara taɓa maɓalli, a cire nozul a fitar da ruwan a canza baƙin mai. Kuma daga yau duk ranar da bugun kik ya haura daƙiƙa 30 in an haɗa jimilla, ka rufe famfon shigar ruwan teku na ƙasan jirgi, hannunka na kusa da shi, inji na kamawa ka buɗe nan take kar robar famfon ruwa ta ƙone. Kik ɗin ma kar ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a bugu ɗaya, ka bar shi ya huce kamar minti ɗaya.

To inji na juyawa da hannu. Yanzu ka samo mutum ɗaya ya tsaya wajen maɓalli, giya a firi. Ka ɗora tsinken mita a kan dalmar batir ɗin ita kanta, ba kan maƙalin da ya kama ta ba, wannan bambancin yana da muhimmanci. Yace bismillah ya danna. In lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 kuma inji da ƙyar yake juyawa, ko dai batir ba caji, ko ya mutu, ko kik ɗin ne ke jan wuta fiye da ƙima saboda bushinsa ya cinye. In kuma lambar ta tsaya a 11 da wani abu ko ma ta ƙi motsi daga 12, amma inji bai juya ba, ka wanke batir daga zargi, wutar ce bata isa inda aka aike ta ba. Daga yadda ka bada labari ina kyautata zaton zaka samu kashi biyun a haɗe, batir da ya kwana yana zuba da kuma hanya mai tsatsa, shi yasa a jeti da caja na taimaka masa yake tashi.

Sai ka koma kan kik. Jan tsinke a babban notin da kebul ɗin batir ya ɗauru, baƙin tsinke a jikin ƙarfen kik ɗin inda ba fenti, a sake dannawa. Ka kwatanta da abin da ka gani a batir. In batir ya nuna 11.2 kik ya nuna 9, bolt biyu da ɗoriya sun ɓace a hanya, kuma injin dizal ba ya yafe wannan, domin shi ba fulogi gare shi ba, zafin matsi ne ke kunna man, matsin nan kuwa ya kai ninki 20 ko fiye a ƙananan injinan, in bai juya da sauri ba zafin na tsiyayewa ta jikin silinda kafin mai ya kama. Abin da ake so, asarar duka ɓangaren jar waya kar ta wuce 0.5, ɓangaren negatib ma haka ko ƙasa da haka.

Gano wurin da ta ɓace ba wuya. Ka bar mita a kan bolt, tsinke ɗaya a dalmar fozitib, ɗayan a maƙalinta, a danna. Ya kamata kaga kusan sifili. Sai daga maƙali zuwa shigar babban makunni, daga shigarsa zuwa fitarsa, daga fitarsa zuwa kik, kana bi gaɓa gaɓa. Duk gaɓar da ta nuna sama da 0.2 ita ce. Wani lokacin ma ba sai da mita ba, bayan bugu biyu ka bi haɗin da bayan hannunka a hankali, wanda yayi ɗumi shine ke cin wutar. Kuma kar ka manta da negatib, nan ne mutanen da suka saba da mota ke yawan wucewa, domin a mota bodi gaba ɗaya ƙarfe ne, jirginku kuwa na faiba ne, wutar bata da hanyar dawowa sai ta kebul ɗaya tak da aka ɗaure a jikin inji, galibi can ƙasa inda danshi da ruwan gishiri ke taruwa. A wasu jiragen da aka yi wa waya bisa tsarin Amurka negatib ɗin ruwan ɗorawa ne ba baƙi ba, kar ya ruɗe ka.

In ka kwance haɗin ka duba da kyau. Daga waje zakaga kebul fes, roba lafiya, amma ka ɗan yanka robar daga bakin kan, kamar faɗin yatsa. Tagulla mai lafiya ja ce tana ƙyalli. Wadda iskar teku ta shiga zakaga silallanta sun yi baƙi ƙirin ko kore-kore, in ka lanƙwasa kaji tana ƙaras ƙaras a ciki, wani farin gari na zubowa. Gishirin yana bin cikin silallan ne ya yi nisa, sai ka yi ta yankewa baya har ka iske ja, in ka yi taki ɗaya baka iske ba ka canza kebul ɗin duka. Ka nemi na jirgi, wanda aka yi wa silallansa rufin kuza suka yi fari, ya fi tsada amma shi ke jure wannan iskar ta Legas, kuma kaurinsa kar ya gaza na da. A matse kan da injin matsewa na gaske, ba a daddake shi da guduma ba, a rufe da robar nan mai tsukewa da zafi. Dalmar batir ka wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, ka goge da sanfefa har ta yi haske, ka ɗaure sannan ka shafa basilin a kai. In notin mai kunnuwa ne da ake ɗaurewa da yatsa ka cire ka sa noti na sifana. Kuma kar a sa wasar farin ƙarfen nan mara tsatsa tsakanin kan kebul da dalma, bata ɗaukar wuta sosai, wasa a saman kan kebul take zama.

Yanzu ƙas ɗin nan guda ɗaya. Ƙarar solonaid ce, ƙaramin gwangwanin da ke kan kik. In ƙas-ƙas-ƙas ne da sauri a jere, wuta ce tayi ƙasa. In ɗaya ce tak ko ma shiru, sau da yawa ƙaramar wayar da ke zuwa daga maɓalli ce. A jirgi wannan wayar tafiya take mai nisa, ta tashi daga inji ta je wajen matuƙi a waje inda ruwan sama da feshin teku ke dukan allon, ta bi ta ki, ta bi ta maɓalli, ta dawo, ga soket biyu ko uku a hanya, ga fiyus, a wasu jiragen ga makunnin da ke hana tashi in giya ba a firi take ba. Bayan shekaru kowane haɗi na cin nasa. Ka auna a ƙaramin kan solonaid lokacin da aka danna, in kaga 8 ko 9 alhali batir na 12, ka kama ɓarawon. Gwajin tabbatarwa, giya a firi, hannu da riga nesa da fambel, ka ɗauki guntuwar waya mai kauri ka taɓa daga babban notin fozitib na kik zuwa ƙaramin kan. In inji ya juya da ƙarfi to kik lafiya, batir lafiya. Maganin dindindin kuma mai araha ne, rile na mota mai amfiya 30 ko 40 a ɗaura kusa da kik da fiyus ɗinsa, tsohuwar wayar ta riƙa kunna rile kawai, shi kuma ya ɗauko wuta kai tsaye daga babban noti.

Sai babbar tambayar, me yasa sai bayan kwana kan anga. Je ka duba jan makunnin nan mai zagaye da aka rubuta 1, 2, BOTH, OFF. A ina kuke barin sa da daddare? Ina da yaƙinin a BOTH ne, haka mafi yawa ke yi don a nan komai ke kamawa. To a nan batirin tada inji da baturan hidima sun zama abu ɗaya, firji na sha, fankoki na sha, fitilar anga, cajin wayoyin baƙi, kiɗa. Firjin jirgi kaɗai yana jan amfiya 4 zuwa 5 in yana aiki, kuma a zafin Legas ba ya hutawa sosai, fitilar anga mai tsohon ƙwai na wat 10 tana cin kusan amfiya ɗaya har gari ya waye. Ka haɗa lissafin a kan batir mai 70Ah ko 75Ah ka gani. Kuma batirin tada inji farantansa sirara ne masu yawa, an yi shi ya bada wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a mayar masa nan take, in ana sauke shi ƙasa ana cikawa, sau kaɗan zai jure ya lalace. Ina jin haka biyun farko suka tafi, kuma babba ma haka zai tafi, sai dai ya ɗan ƙara jimawa.

Tsarin da nake ba kowa shawara shine batirin inji ya zama ba abin da ke kansa sai kik. In kun sauke anga an kashe inji, a mayar da makunni kan lambar baturan hidima kaɗai. Ka tabbatar da kanka wace lamba ce ta wane, ka rubuta da maka a jikin bango, kar ka yarda da abin da aka gaya maka. Da safe a mayar kan na inji a tayar. In na hidima sun yi ƙasa sosai kar ka sa BOTH don wai a haɗa ƙarfi, wanda ya mutu zai janye mai rai ne. Kuma inji na aiki kar wani ya kuskura ya bi da makunnin ta kan OFF, ko na ƙiftawar ido ne, diyod ɗin altaneto na iya ƙonewa nan take, daga ranar ba caji kuma ba wanda ya sani. In maigida zai kashe kuɗi, gara ya sa su a rilen nan mai haɗa batura da kansa in yaji caji ya haura 13 da ɗoriya ya kuma raba su in an kashe inji, da shi ba sai an dogara da tunawar mutum ba.

Ka kuma duba ko akwai abin da ke sata ko makunni na OFF. Ka cire negatib na batirin inji, mita a kan amfiya 10, ka sa ta tsakanin dalma da kebul, kar a taɓa kik a haka. Ya kamata kaga sifili ko dab da shi. Famfon kwashe ruwan ƙasan jirgi ana haɗa shi kai tsaye da gangan kuma daidai ne, amma wurinsa baturan hidima, in a kan na inji aka ɗaura shi, damina ɗaya ta Yuni da Yuli ta ishe shi.

Caji kuma, ka tada inji ka ɗan ƙara masa wuta sama da salo, caja ta jeti a cire, ka auna a dalmar batir. 13.8 zuwa 14.4 ake nema. In 12 da wani abu ka gani altaneto ba ya aiki, kuma cajar jeti ce ke rufa masa asiri duk wannan lokacin. Bayan ka kashe inji ka danna fambel da babban yatsa, kar ya lotsa fiye da santimita ɗaya, in kaga baƙin gari a gaban inji yana zamewa ne. Fitilar caji ta allo ta kama in an murɗa ki ta mutu in inji ya tashi, in bata kamawa sam ka duba ƙwan, a injina da yawa ta cikinsa altaneto ke samun wutar farawa. In a bayan altaneto kaga 14.2 amma a batir 13.5, nemi wani akwati mai haƙarƙarin alminiyam da manyan noti uku, mai raba caji ne na diyod, yana cin kusan 0.7, batir ba zai taɓa cika ba ta cikinsa. Sannan jirgin filafilai minti 20 ake kunna inji a fita a kashe, wannan ba ya cika komai, ƙaramin faifan sola na wat 20 da kwantirolansa a kan batirin inji yana maganin wannan.

In bayan duk wannan batirin ne ya mutu, to a saya. Mai buɗewa ne ka duba ruwan ya rufe faranti, ƙari da ruwan batir tatacce kawai, ba asid ba, ba na famfo ba. Ma'aunin ruwan batir zai nuna wajen 1.265 a cikakken ɗaki, in wani ɗaki ya bambanta da sauran da 0.050 an gama. Zafi na rage musu kwana sosai, in akwatin na manne da inji a nema masa iska. Wajen saye ka duba littafin injin, Yanmar ne ko Volvo Penta ko Perkins duk sun rubuta abin da suke so, ka duba CCA, wato lambar ƙarfin bugu da ake rubutawa a jikin batir, ka kwatanta CCA da CCA, domin wasu na rubuta MCA wadda lambarta ta fi girma a batir ɗaya, ana auna ta ne a sifilin digiri ita kuwa CCA a 18 ƙasa da sifili. Ka duba ranar ƙira, wanda ya shekara a shago ka bar musu. Litiyam irin na sola kuma kar a sa shi a kik, na'urar kariyarsa na iya yanke wuta a tsakiyar bugu.

In ta sake faruwa kuna waje kafin a gyara, duba saman injin ko akwai 'yan ƙananan hannaye na sauke matsi, tsofaffin ƙananan Yanmar da yawa na da su. A ɗaga su, a danna maɓalli, inji zai juya da sauri ko da batir mai rauni, sai a sauke ɗaya ya kama, a sauke sauran. Wajen aikin batir ka cire agogo da zobe, ka buɗe wurin ya sha iska, ba sigari, negatib ake fara cirewa shi ake ɗaurawa a ƙarshe. Kuma kar ku ɗaga anga sai inji ya tashi kunga ruwa na fita ta salansa, mashigar nan manyan jiragen Apapa ke bi kuma igiyar ruwa na da ƙarfi, filafilai kaɗai ba abin dogaro bane a wurin in iska ta kwanta.

Ka auno min lambobi huɗun nan ka turo, ta batir da safe bayan ya huta, ta batir lokacin bugu, ta kan kik lokacin bugu, da ta batir inji na aiki ba caja, ka haɗa da hoton bayan jan makunnin yadda wayoyin suka shiga, insha Allah daga nan zan gaya maka wace gaɓa zaka fara kwancewa.